Gyaran Da Na Bi Na Karɓo

Ban taɓa zaton zan tsufa in tsinci kaina a wurin da ƙarti masu gemu suke taruwa don kallon kayan wasan yara ba. Ɗana ne ya kai ni. Saƙo ya turo a waya, gajere, da Turanci, wai ranar Asabar yana da tebur a wani taro da ake yi a otal can ɓangaren Virginia, idan ina da lokaci in zo in taya shi zama. Idan ina da lokaci! Mutumin da yake kwana shi kaɗai a ɗaki ɗaya a Takoma Park, me yake da shi in ba lokaci ba?

Kafin wannan saƙon mun daɗe ba ma magana. A wajen wani suna ne a Upper Marlboro, wani ya tambaye ni me yaron yake yi yanzu, na ce wasa yake yi. 'Ya'yan mutane likitoci, injiniyoyi, nawa yana ɗakin ƙasa a gidan uwarsa yana gyara mutum-mutumin roba yana sayarwa a intanet. Ashe yana tsaye a bayana da faranti a hannu. Ya ajiye farantin ya fita. Abin da na faɗa ba ƙarya ba ne, har gobe. Amma tun daga ranar in na kira sai wayar ta yi ta kuka ta tsinke. Sallah ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Uwarsa, wadda muka rabu tun yana ƙarami, ta ce in ƙyale shi ya huce. Ita ke da bakin magana, ita ce nas mai gidan kanta, ni direban haya. Saboda haka da saƙon ya shigo na san dama ce aka ba ni, na kuma san halin yaron, don halina ne ya ɗauko: ba ya bayarwa sau biyu.

Na sa kaftanina mai ruwan toka, na cusa goro a aljihu, na tafi. Tun daga gareji na fara ganin abin mamaki. Wani ƙato yana fitowa daga mota da ƙyar, matarsa tana ɗaura masa ƙafafun kwali. A cikin lif na tsaya tsakanin wasu biyu, ɗaya da tayoyi a kafaɗa, ɗaya da fukafukan jirgi da suka hana ƙofa rufuwa. Suka yi min sallama da kai. Na ce a raina, to, yau ni ne baƙon halitta.

Zauren ya fi filin ƙwallo girma, ko kuwa haka na gan shi. Tebura jere-jere, kowanne maƙil da mutum-mutumin nan da ake nunawa a talabijin, waɗanda in ka murɗa kai, ka lanƙwasa ƙafa, sai mutum ya koma mota ko jirgi ko tankar yaƙi. Hayaniya kamar tashar mota. Ga wani dogon layi ya zagaye bango, wai wani tsoho ne a can ƙarshe, shi yake yi wa 'yan robar murya a fim, mutane suna kai masa kwali yana sa hannu. Na ga wani mai furfura ya ɗauki wata ƙaramar mota a tebur, ya juya ta, sai ga hawaye. Ya ce wa mai tebur irinta ce yake da ita yana yaro, uwarsa ta zubar da ita da suka tashi daga gida. Mai tebur ya fito ya rungume shi. Na kau da kai. Ni uwata ta rasu ina tuƙa wani mashayi zuwa filin jirgi, ban samu zuwa jana'iza ba, babu wanda ya rungume ni.

Na sami yaron a can lungu. Ya yi ƙiba, ya tara gemu. Ya miƙe ya ce, “Sannu, Baba.” Iyakar Hausar da yake fitarwa ke nan. Yana jin komai, amma amsa sai da Turanci, kamar sauran 'ya'yanmu na nan. Na ce, “Ka yi ƙiba.” Ya ce ga kujera.

Muka zauna. Ba mu iya zama tare ba. Ni ina kaɗa ƙafa, shi yana gyara kayan da ba su karkace ba. Ya nuna min yadda abin yake: komai da farashinsa manne a jiki, har tarkacen da ke cikin tire, ƙananan bindigogi da kawuna da tayoyi, kowanne a 'yar ledarsa da lambarsa. Ba ciniki. Na ce kasuwar da ba a ciniki ai kantin magani ce. Bai yi dariya ba. Amma na lura da abu ɗaya: mutane suna zuwa da karyayyun kayansu a naɗe a tawul, suna miƙa masa da hannu biyu, suna jiran abin da zai ce kamar masu jiran likita.

Da rana ta yi ya ce zai hau sama, akwai wani zama da masu zana 'yan robar, ba zai daɗe ba. Ya dube ni ya ce, “Baba, abin da ke rubuce kawai za ka karɓa.” Na ce, “Kai, tafi. Tun ba a haifi uwarka ba nake kasuwa.”

Gaskiya na faɗa, ko da na ɗan ƙara. Ubana hatsi yake sayarwa a Sabon Garin Zariya. Ina aji biyu a sakandare ya cire ni ya zaunar da ni a bakin buhu. Abin da ya fara koya min ba awo ba ne, gyara ne. In ka auna wa mutum, ya biya, sai ka ɗebi tafi guda ka ƙara masa. Ba ya roƙa, ba ka faɗa. Mai sayarwar da ba ya gyara, ubana ba ya haɗa kwano da shi.

To sai ga wani ya zo cikin shigar mutum-mutumi kore da azurfa, kai da ƙahoni biyu, fuska a rufe ruf. Ya zaɓi kaya da yawa, manya-manya. Da zai biya ya cire safar hannunsa ta dama, na ga babban yatsansa naɗe da filasta. Na zuba masa a leda. Sai hannuna ya tsaya a iska. Mutum ya yi irin wannan sayayya in sallame shi haka nan? Na dubi tire, komai da farashi, kuma an ce kar in taɓa farashi. Can bayan akwatin kuɗi na hango wata 'yar leda, a ciki wani ɗan dunƙulen hannu na roba, baƙi, bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. Babu lamba a jiki. Na ce wannan shi ne tsintuwar da ba ta da daraja. Na jefa masa a leda, na ce da Turancina, wannan daga gare mu ne. Ya ɗaga ledar ya kai kusa da ramin idon abin da ya rufe fuska da shi. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Ka tabbata?” Na ce tafi abinka. Har daɗi na ji, wallahi. Na ce yau na koya wa kasuwar nan tarbiyya.

Yaron ya dawo da fara'a, karo na farko da na ga haƙoransa. Na nuna masa gurbin kayan da na sayar. Ya ce madalla. Ya miƙa hannu bayan akwatin kuɗi. Ya lalube. Ya ɗaga akwatin. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin tebur.

“Baba, akwai wata 'yar leda a nan.”

“Na yi gyara da ita.”

“Ka yi me?”

Na yi masa bayani. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya jawo wani kwalin takalmi daga ƙarƙashin tebur, ya buɗe tawul. Wani tsohon mutum-mutumi ne ja, fenti ya koɗe, hannun hagu dungu.

“Ka gane shi?”

Ban gane shi ba.

“Kai ka saya min. A shagon gwanjon da ke kusa da tsohon gidanmu. Ka sa matar ta rage maka kuɗi saboda ba shi da hannu. Ka ce min kar in damu, za mu nemo masa.” Ya mayar da tawul ɗin. “Tun ina makaranta nake neman hannun nan. Ba a samunsa. Yau da safe na same shi wajen wani tsoho kafin a buɗe ƙofa. Shi ya sa na ce ka zo, don tun tuni ya yi min alkawarin zai kawo. Na so kai ka sa masa.”

Ya zauna ya juya min ƙeya, ya fara yi wa wata mata bayanin wani jirgi. Na san wannan ƙeyar. Ita na gani ranar suna.

Na tashi na shiga cikin taron neman mutumin. Kore da azurfa, ƙahoni biyu, me zai yi wuya? Ban yi nisa ba na hango shi wajen masu sayar da riguna. Na kama shi a kafaɗa. Ya juyo, ashe mace ce. Na ga wani a layin tsohon nan mai murya, na ga wani yana cin burodi ta ƙarƙashin haɓa, na ga wani ɗan guntu, na ga wani dogo har kansa yana taɓa tuta. Ashe wannan koren shi ne sarkin yaƙinsu, kowa shi yake so ya zama. Abin da nake da shi kawai yatsa mai filasta, kuma dukkansu da safar hannu.

Sai na fara ba su hannu. In na ga kore in tsaya a gabansa in miƙa hannu kamar mun haɗu a masallaci, in matse babban yatsan in ji ko zai zabura. Su kuma suka ɗauka hoto nake so. Wannan ya rungumo ni, wancan ya ɗora min takobin soso a kafaɗa, matarsa ta ɗauka. Wata ta tambaye ni wai ni shigar wa na yi, kaftanin ya yi kyau. Na hau sama, na sauko, na shiga wani ɗaki da ake nuna fim, na fito, na leƙa har ban-ɗaki. Gwiwata ta dama, wadda tuƙi ya cinye, ta fara suka. Duk inda na bi ta kusa da lungun yaron sai in saci kallo. Bai ɗago ba ko sau ɗaya.

A bakin matakala na tsaya ina haki, na ce da ƙarfi, “Allah wadaran wannan taro da wanda ya ƙirƙiro shi!”

Wani shuɗin dodo mai jan ido da ke jingine da bango ya ce, “A'a, Baba, ban da mu. Mu me muka yi maka?”

Na kusa faɗuwa. Ya cire kan. Bahaushe ne tas, da tabon salla a goshi, gumi sharkaf, ba zai wuce ƙanina ba.

Na ce, “Inna lillahi. Kai kuma ɗan wane gari ne?”

“Kano, ranka ya daɗe. Haƙori nake cirewa a Annandale.”

“Ai dole. In ba Bakano ba wa zai yi karatun likita ya ƙare a cikin kwali?”

“Daga jin bakin nan Bazazzagi ne. Me ya fito da kai daga ƙauye? Ko an ce maka ana raba abinci kyauta?”

Ban so in yi dariya ba, ta ƙwace min. Na gaya masa abin da ya faru. Da na kai wajen gyara sai ya dafa bango yana ƙyaƙyatawa, kafaɗunsa na kwali suna karo da juna.

“Gyara! A nan! Baba, ka san abin da ka bayar kuwa? Akwai waɗanda za su bar matansu a kan hannun nan.”

“Ni ban tambaye ka tarihi ba. Ina zan same shi?”

Ya ce in bari ya sa a yi shela a lasifika. Na ce ko kusa. A yi shela duk duniya ta ji wai mai tebur yana neman kyautar da ya yi? Gara in kwana ina zagaye. Ya dube ni, dariyar ta ragu. Ya ce, “To ai ko ka same shi abin da za ka yi ke nan, Yaya. Roƙonsa za ka yi ya dawo da ita.” Na ce na sani. Ban sani ba sai da ya faɗa. Duk gudun da nake yi ban tsaya na yi tunanin abin da zan ce ba. Ubana ya taɓa ba wani gyaran gero a tsohuwar jaka, ashe agogonsa na ciki. Ya gane kafin mutumin ya fita layi. Bai kira shi ba.

Likitan ya saƙale kansa na dodo a hammata ya ce in biyo shi. Wai mai filasta a yatsa ƙonewar gam ce, kuma duk wanda gam ya ƙona, kayansa ba su da ƙwari, ƙarshensa ɗakin gyara. Akwai wani ɗaki a ƙarshen baranda da aka ware wa waɗanda shigarsu ta ɓalle. Muka shiga. Warin gam, fanka tana juyawa, mutane zazzaune rabi mutum rabi mota. A kusurwa ga kore da azurfa, kan yana kan cinyarsa, ƙaho ɗaya ya karye. Bature ne, tsoho, ya girme ni, sanƙo jajir, yana fifita da takarda. Ga filasta. Ga ledarmu a gefen ƙafarsa.

Yana ganina ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Na san za a zo.”

Na tsaya. Turancin nawa da ma na hanya ne, dama, hagu, mun iso. Likitan ya buɗe baki zai yi min, na ɗaga masa hannu. Na ce wa tsohon, abin nan da na ba ka, ba nawa ba ne. Na ɗana ne. Ina so ka dawo min da shi. Ban taɓa jin nauyin harshena kamar ranar ba.

Bai miƙo nan take ba. Ya ciro 'yar ledar daga aljihun ƙirjinsa, ba ma cikin kayan ya bar ta ba. Ya ce ya san mene ne tun a tebur, shi ma yana da irin jan mutum-mutumin nan a gida, nasa ma dungu ne. Ya ce ya yi niyyar dawowa, sai ya ce bari ya ɗan huta tukuna, sai hutun ya yi tsawo. Ya ce shekara da shekaru yana zuwa irin wannan taro, ba a taɓa ƙara masa ko tsinke ba. “Me ya sa ka ba ni?”

A nan likitan ya karɓe, ya yi masa bayanin gyara da Turancinsa mai santsi, har da ƙari, wai mutanen garinsu ne suka koya wa namu. Tsohon ya saurara yana gyaɗa kai. Ya miƙo min ledar. Na kama, bai saki ba.

“To yanzu ni ba ni da gyara ke nan?”

Na laluba aljihu. Makulli, carbi, goro. Na ciro goron, fari, babba, wanda na yi wa kaina tanadi. Na ba shi. Ya tambaya ci ake yi? Likitan ya ce, “Sosai ma, alewar garinsu ce.” Tsohon ya gatsa. Na ga fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, idonsa ya kawo ruwa. Bai tofar ba, na yaba masa a nan. Ya haɗiye ya ce na gode.

Da na koma zaure an fara kashe fitilun gefe, masu tebura suna rufe kaya da zannuwa. Yaron yana shirya nasa shi kaɗai. Na ajiye ledar a kan akwatin kuɗi, na zauna, don gwiwar ta ƙi ɗaukata kuma. Ya dubi ledar. Ya dube ni, kaftani jiƙe, hula a karkace.

“Ina ka shiga? Na yi ta kiran wayarka.”

“Yanzu ka ji yadda ake ji.”

Ya jawo kwalin takalmin, ya buɗe, ya turo min gabana tare da ledar. Na ce ba ni da tabarau. Ya ce in gwada. Yatsuna sun yi kauri, abin kuma ƙanƙane. Na sa, ya faɗo. Na sa a juye, babban yatsa yana kallon baya. Ya ce, “Ba haka ba, Baba,” ya kama hannuna ya juya shi. Muka ji ƙas.

Ya tsayar da shi a kan tebur. Roba ce dai. Ja, koɗaɗɗiya, da hannu ɗaya da ya fi ɗayan baƙi. Na so in ce masa duk wannan wahalar a kan wannan? Na haɗiye, kamar yadda tsohon can ya haɗiye gorona.

Na taya shi kai kwalaye mota. Bai ce ya yafe maganar suna ba, ni ma ban ce na janye ta ba. Da ya rufe but ɗin motar ya tsaya yana wasa da makulli. Ya ce gobe Lahadi ita ce ranar ƙarshe, an fi cika, in ina da lokaci. Sannan ya ƙara, da Hausa, a karkace kamar ta ɗan koyo, “Ba gyara.”

Na ce, “A kayanka.”

Washegari na biya shagon mutanenmu na sayi goro cike da leda, na zuba a faranti a gefen akwatin kuɗi. Duk wanda ya saya na ba shi ɗaya. Yawancinsu sun sa a aljihu, wasu sun gatsa sun nemi ruwa. Likitan ya zo da rana cikin kwalinsa, bai sayi komai ba ya kwashi uku, Bakano. Yaron ya ce ina korar masa mutane. Amma bai ɗauke farantin ba.